Shekarar da Na Shuka a Surayya

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma tun ranar da aka ga wata raina bai kwanta ba. Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar zaure, hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi kamar zai tsaga sama, sannan ya ɗan yayyafa abin da bai kai ya jiƙa rawani ba, ya wuce. Kafin a sha ruwa mutum uku sun zo suna tambaya ta, "Allah ya gafarta Malam, a shuka ko a dakata?" Na ba su amsar da na saba, na ce Allah ne masani. Suka tafi suna yaba tawali'una. Gaskiyar magana ban sani ba ne, kuma na san wanda ya sani.

Shekara talatin da uku azumi yake yi kafin ya zagayo inda ya bar mutum. A wancan azumin na bazara ina da shekara ashirin da bakwai, da matata Tabawa, da 'yarmu tana goye. Na baro Toranke na zauna a nan Ajingi don karatu a gaban Malam Bukar. Kakanninsa Barebari ne da suka zo daga gabas, amma shi a nan aka yanke cibiyarsa, gonarsa ma gadon ubansa ce. Mu goma sha ɗaya ne ɗalibansa na ilmi, duk magidanta, muna karatu da safe, mu yi masa noma ranar Laraba da Alhamis. Ni ne na gaba a karatu. In Malam ya yi baƙi, ni yake cewa in ja wa saura, kuma ba na ɓoye cewa ina jin daɗin haka.

Sai ga Modu ya zo daga Gaya, ɗan wasu fatake, Babarbare shi ma. Mutum ne mai faɗin baya da saurin dariya, amma a nahawu kansa dutse. Layi ɗaya sai ya kwana uku yana tuntuɓe a kai. Duk da haka Malam yakan jefa masa kalma ɗaya da Barbarci a tsakiyar karatu, su fashe da dariya su biyu, ni ma in bi su in yi, ban san abin da aka ce ba. Tun daga nan na fara ƙin jininsa, shi kuwa bai taɓa yi mini komai ba sai gaisuwa.

Abin da ya kawo ni wurin Malam tun farko ba fiƙihu ba ne, ana samun fiƙihu a ko'ina. Lissafin taurari ne. Taurari ashirin da takwas ne suke raba shekara, kowane da kwanakinsa goma sha uku, kuma su ba sa gusawa yadda watanni suke gusawa. Wanda ya riƙe lissafin yakan san ruwan da ya zo da zama da wanda ya leƙo ya koma. A duk ƙasar nan Malam kaɗai yake da shi, daga ubansa ya karɓa. Ya yi mini alkawari in na sauke littafin fiƙihun da nake kai zai fara mini. Shekara shida ina jira, saura 'yan ganye kaɗan in sauke.

Sai takarda ta zo. Bayan kaka ne, kakar da fara ta cinye mana rabin gero. Aka ce wani malami a can wani gari ya dubi taurari ya ce kwanakin masu mulki sun kusa ƙarewa, magana ta bazu a kasuwanni, hukuma ta harzuƙa. Jakada ya zo da takarda mai hatimi, ya zauna a wannan zauren ya sa aka karanta. An jera abin da za a koyar, Alƙur'ani da tauhidi da fiƙihu da hadisi da nahawu, har da littafin da za a fara da wanda zai biyo baya. Duk abin da ya shafi taurari, ko zane a ƙasa, ko ƙidayar kwanaki, an hana. Kuma kowace makaranta za ta ba da ɗalibi ɗaya wanda duk sabon wata zai je Gaya ya dafa Alƙur'ani ya faɗi abin da aka karanta, a gaban wani malamin hukuma da aka ɗora wa aikin. Mutane ba su daɗe ba suka sa masa suna Malamin Takarda.

Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, manomi fa? In ya zo ya ce mini yaushe zai shuka?"

Jakada ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ka ce masa ya ɗaga kai ya dubi sama. Ni aiko ni aka yi."

Malam ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Habu ne zai riƙa zuwa." Ni kuwa kaina ya kumbura. Har rigar aro na nema don tafiyar farko. Ban gane ba a lokacin cewa daga ranar an rufe mini ƙofar da na yi shekara shida ina tsaye a bakinta. Na sauke littafina cikin sanyi, na je na durƙusa na tuna wa Malam alkawari, ya ce, "Ka ji abin da takarda ta ce." Na ɗauki littafi na gaba a jerin takardar.

Bazara ta shigo da wuri, ta shigo da mugunta. Rumbuna sun yi ƙasa tun kafin watan azumi. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai an ƙara igiya biyu, guga ya fito da rabin ruwa rabin laka, a zuba a tulu a jira ya kwanta. Tabawa takan tashi tun asuba ta bi layin rijiya, ta dawo hantsi ya yi, ta surfa ɗan abin da ya rage, ta ajiye dusar, don dusar ma abinci ce a shekarar. Da aka kama azumi, sahur ɗinmu kunun dusa ne da kanwa. Buɗa baki kuma jiƙon tsamiya, sai kwaɗon busasshiyar rama in an samu ƙuli. Da azahar gari yakan yi tsit, ko kaji ba sa motsi, sun buɗe baki a gindin danga. In ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Nonon Tabawa ya ragu, yarinya ta riƙa kuka da wata siririyar murya da har yanzu ba na son tunawa.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba, shi ne iri. Ƙwarya biyu na gero, zaɓaɓɓun zangarniyoyin da fara ta bari, Tabawa ta sussuke ta cakuɗa da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da yumɓu. Ranar da yunwa ta fi cin mu na ce a ɗan ɗiba, ta zauna a kan tulun ta ce sai dai in ɗauke ta da shi. Wannan tulun shi ne damina tamu gaba ɗaya, ba mu da wani a bayansa.

Ran biyu ga azumi Laraba ce, ranar aikin gonar Malam. Tun da aka fara sharar gona na lura kullum ni ake turawa gonar nesa in watsa taki, Modu kuma a bar shi a ta kusa tare da Malam. Ranar jakin taki ya yi gardama, na dawo da wuri neman igiya. Na hango su a gindin gawo, su biyu, kai da kai. Malam yana riƙe da karan dawa yana jan layuka a rairayi, Modu yana jera tsakuwa a kai yana ƙirgawa a hankali, yana kuskure, Malam yana gyara masa da haƙurin da ban taɓa ganin ya yi da ni ba. Na ji sunayen taurari suna fita daga bakin mutumin da bai iya raba fa'ili da maf'uli a nahawu ba. Na tsaya a bayan kargo, rana tana dukan ƙeyata. Ina azumi, amma ban san ko na wannan ranar ya karɓu ba. Na juya ban ɗauki igiyar ba.

Kwana biyu bayan haka ruwa ya sauka. Ruwa ne na gaske, tun la'asar har aka sha ruwa ana yi, ƙamshin ƙasa ya cika gari, mata suka fito da kowace ƙwarya suna tara. Da safe na tona da yatsa, laima ta kai tsawon hannu. Gari ya rabu biyu. Wasu sun fito da sungumi, wasu suna kallon gidan Malam. Na same shi a zaure na ce, "Allah ya gafarta Malam, a shuka?"

Ya ce, "Habu, kai ne mai dafa Alƙur'ani. Kada ka tambaye ni abin da za ka ɗauka a ka zuwa Gaya." Sannan ya ce, "Ni dai sungumina yana rataye."

Na gane sarai. Ko yaro ya gane. Daga baya ma na ji sunan abin, wai farkon kwanakin tauraruwar Surayya ne, ruwanta kuwa ba ya riƙo, sai an ƙetare ta an ƙetare Dabaran an shiga Haƙa'a. Da a nan maganar ta tsaya da na bi Malam na rataye nawa. Amma da na fito sai na tarar da dattawan unguwa sun kewaye Modu a bakin masallaci. Dattawa masu furfura, suna tambayar Modu! Shi kuma yana sosa ƙeya yana cewa, "Wallahi ni ban san komai ba, amma dai ni zan dakata." Suna gyaɗa kai kamar sun ji fatawa. Ba wanda ya waiwayo ya ce Habu me ka gani.

Sai na ɗaga murya na ce ruwa na Allah ne, ba tauraron da ya mallake shi, wanda Allah ya jiƙa wa gona ya ƙi shuka ya yi butulci. Na kawo aya, na kawo hadisi, na iya kawowa. Gida huɗu suka bi ni.

Tabawa ta ce, "Malam bai shuka ba."

Na ce, "Malam yana da rumbu."

Ta ce, "Modu ma bai shuka ba, shi kuma ba shi da rumbu. Ka je ka tambaye shi mana, me zai rage ka?"

Da ba ta ambaci sunan ba, wataƙila da na saurare ta. Na ɗauki tulun na fasa yumɓun da kaina. Muka fita da azumi a bakinmu, ina gaba ina sara da sungumi, tana biye da goyo tana jefa iri tana rufewa da dunduniya. Ƙwarya biyun nan duka muka zuba, ko tafi ɗaya ban bari ba.

Kwana huɗu gero ya tsiro, layi-layi, kore shar. Ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamarsa ba. Na riƙa canza hanya don in bi ta gonar Modu, wadda take fayau ba ko tsinke, in ɗaga murya in ce, "Sannu da hutawa, Modu!" Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Yawwa, Yaya Habu, Allah ya sa albarka." Da zuciya ɗaya yake faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Daga nan sama ta rufe bakinta. Kullum da la'asar hadari ya haɗu, iska ta zo ta watsa shi. Tsiron ya fara naɗe ganye da rana yana warwarewa da safe, sannan ya daina warwarewa. Ya yi ruwan toka, ya yi ja, ya kwanta. Nakan je da hantsi in tsuguna in taɓa, ya murmushe a hannuna. Mun fita roƙon ruwa sau biyu, ni ne ma na ja addu'a a na biyu, mutanen gida huɗun nan suna bayana suna cewa amin, ba mai haɗa ido da ni. A goman ƙarshe na azumi gonata ta koma yadda take kafin ruwa, sai dai yanzu tulun ba komai.

Saura kwana uku salla Malam ya sauke sungumi. Shi da Modu da waɗanda suka jira suka fita suka yi binne, suka zuba iri a busasshiyar ƙasa ba ko gajimare a sama. Aka yi salla a bushe, da tuwon da bai kai ya ƙosar ba. Washegari tun hantsi ruwa ya kece, bai ɗauke ba sai la'asar, bayan kwana biyu ya sake, ya kuma sakewa. Damina ta zauna. Kowa yana gona, ni ina zaune a ɗaki ina jin ruwa yana zuba a kan ƙasar da ba ni da abin sa mata.

A ranar ne matar Modu ta shigo wurin Tabawa da ƙwarya a rufe da faifai. Ta ce wai ragowa ce ta yi musu yawa. Ƙarya ce, na san gonar Modu, na ga ya bar kusurwa guda ba shuka. Sauran gida huɗun ma shi da Malam suka bi su da abin da ya samu. Bai zo da kansa ba don kada in ji kunya, bai taɓa ɗaga maganar ba, ko a fuska. Da ya yi mini gori sau ɗaya da na samu abin riƙewa. Tabawa ta yi kuka tana sa masa albarka, har ta ce, "Allah ya ba mu ɗa irin Modu." Na fita na shuka geronsa a gonata, ina sara ina jin kamar ƙirjina nake sara.

Saboda salla, zuwana Gaya na wannan watan ya yi jinkiri da mako guda. Na tafi a ƙasa, hanya duk taɓo, gonaki hagu da dama sun yi kore. Shekara talatin da uku mutanen garin nan suna cewa rantsuwa ce ta ci ni, wai an ɗora mini Alƙur'ani a hannu, ba yadda zan yi. Ni ma na bar su a haka. Yau zan faɗi yadda aka yi.

Na tarar da Malamin Takarda a ƙofar gidansa, tsoho ne mai fama da tari, ƙafarsa duk laka, yana shirin komawa gona. Ko zaure bai shigar da ni ba. Ya ce, "Na Ajingi ne ko? Ba sabon labari dai? Je ka yi nomanka, ɗana, wannan watan ba na rantsuwa ba ne."

Na yi godiya na juya. Na kai har bakin lungu. Sannan na dawo.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai magana. Malaminmu yana koyar da lissafin taurari a gona."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka san in ka faɗa dole in rubuta?"

Na ce na sani.

"Duba yake yi wa mutane?"

"A'a. Lissafin shuka ne."

Ya yi tari, ya tofar, ya ce, "Ni ma na san ba duba ba ne. Da na samu mai yi mini shi da ban yi asarar iri bana ba. Amma takarda ba ta raba ba." Ya sake cewa, "Ban ji ka da kyau ba, kunnena ya yi nauyi. Ka ce wani abu?" Ya buɗe mini hanya sau biyu ke nan. Na maimaita masa da ƙarfi, har da sunan wanda ake koya wa.

A raina Modu za a kora, Malam a ja masa kunne, zaure ya koma yadda yake kafin Modu ya zo. Ba haka aka yi ba. Kafin a gama noman farko jakada ya dawo. An hana Malam Bukar koyar da kowa komai a ƙasar nan, a zaure ko a gona. Makaranta kuma an damƙa ta ga babban ɗalibi, wanda hukuma ta shaida amincinsa.

Geron shekarar ya yi kyau, wanda ya fito daga ƙwaryar Modu. Da shi muka rayu, irinsa nake shukawa har yau. Takardar kuwa ba ta yi shekara biyar ba aka manta da ita. Waɗanda suka rubuta ta sun mutu, ba wanda ya sake zuwa Gaya rantsuwa, yanzu ko me malami ya ga dama ya koyar ba mai tambaya. Ni dai har gobe a kan jerinta nake karantarwa, littafi bayan littafi, don iyakar abin da nake da shi ke nan.

Malam ya jira aka yi girbi, sannan ya ɗaure kaya zai koma gabas wurin dangin kakanninsa, inda takarda ba ta kai ba. Ba wanda ya kori Modu, shi ya ce zai bi shi. Da hantsi suka tashi, gari duk ya fito rakiya. Malam ya ja ni gefe ya riƙe hannuna. Na ɗauka zai tsine mini, har na fi son haka. Sai ya ce, "Ni na sa ka tsakanina da rantsuwa. Na nisanta ka da abin don kada ka yi ƙarya da Littafin Allah a hannunka, ashe ban nisanta ka sosai ba. Laifina ne. Ka yafe mini, Malam Habu."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar. Na buɗe baki, gaskiya tana kan harshena, sai na ji na ce, "Na yafe."

Ya sake ni ya juya wajen jakuna. Modu ya ɗaure littattafai a karkace, mangala tana zamewa gefe ɗaya. Malam ya ɗaga sanda ya ɗan ƙwala masa a kafaɗa, ya ce, "Kai wane irin sakarai ne? Kwance ka sake!" Modu ya kwance yana dariya.

Na tsaya a ƙofar zauren da ya zama nawa, ɗalibai goma a bayana, buzun Malam a shimfiɗe yana jira na. Su kuma suka kama hanya, korarre da sakarainsa, ba su san inda za su shuka baɗi ba. Na sha neman nadama a zuciyata, tana nan, ban ce babu ba. Amma abin da na ji a wannan hantsin, kuma nake ji yau da furfurata da azumina, kishi ne tsantsa. Da an ce in ba da zauren da buzun da sunan Malam a ƙwala mini sandar nan sau ɗaya, da na bayar.